Jan Gari a Jikin Famfo

A ƙauyen Lakanwa ba mai cewa zai je Indiya, kasuwa ake cewa. Indiyar ba ta wuce tsallaken gada ba, rabin matan ƙauyen ma daga can aka auro su. In mutum ya ce zai fita ƙasar waje dariya za a yi masa, a tambaye shi ko ya bar wasiyya. Sai dai a bakin gadar, ta ɓangarenmu na Nepal, akwai wata gora da aka gitta, gefenta ƙaramin ofishin kwastam, bayan ofishin kuma fili ne da aka kewaye da waya. Nan ake ajiye abin da aka kama. Duk mai wucewa yana hango motocin da ke ciki: wata ciyawa ta huda kujerarta, wata tsohuwar jif kuma kabewa ta yi yaɗo a kanta har ta zuba 'ya'ya, masu gadi suna miya da su.

Dokar ba ta da wuyar ganewa, ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya haddace ta. Abin da mota ta fita da shi a jikinta, jikinta ne, ba ruwan kowa. Abin da aka saya mata a can, ko a hannu aka riƙo shi ko ɗaura mata aka yi, kaya ne, sai a faɗa a biya kuɗin fito. Wanda ya ɓoye aka gano kuwa, magana ta wuce ta biya. Da kayan da motar duk filin waya za su shiga, sai ranar da manya suka zauna a kan batun, manya kuma ba su da saurin zama.

Bindesar Raut ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Taraktarsa gadon ubansa ce, ta girmi aurensa nesa ba kusa ba. Tun ƙarshen damina famfon da ke tura wa injin mai ya fara ciwo. Ta riƙa tari tana baƙin hayaƙi, in ta kai tsakiyar gona ta mutu sai an yi ta lallashi. Ga shi an gama yankan shinkafa, ƙasa tana riƙe da sauran danshi, alkama kuwa ba ta jiran kowa. In ba a huɗa an shuka kafin danshin ya gudu ba, shekara ta tafi ke nan. Kuma ba gonarsa kaɗai ba ce, akwai gonakin mutane da ya yi wa alkawarin huɗa, ga wani mai sabuwar tarakta shuɗiya a ƙauyen gaba yana baza kunne ya ji an ce Bindesar ya gaza.

Ya je babban garinmu ya tambayi kuɗin sabon famfo, abin da aka faɗa masa sai da ya nemi benci ya zauna. A Madanganj, tsallaken gada, bai kai haka ba ko kusa. Ya saya a can ya zo ya biya kuɗin fito kuwa, wannan ko a mafarki bai zo masa ba. Ba wai mutumin banza ba ne. A Lakanwa dai, wanda ya kai kansa ofishin kwastam da ƙafarsa ya ce ga abin da na sayo, har jikokinsa sai an yi musu gori da shi.

Abin da ya rage masa shi ne dalilin da zai sa tarakta ta tsallaka ta kwana. Tarakta ba ta yawon shan iska. In ta fita fayau ta dawo fayau, ko ɗan sandan da aka kawo jiya ya san gareji ta je. Amma taraktar da ta ɗauko tsohuwa mai farin zane da ƙunshin tsaraba, ba mai kallonta sau biyu. Bindesar kuwa yana da tsohuwa a gida.

Ya sami mahaifiyarsa Sonmatiya a tsakar gida tana tsintar tsakuwa a cikin wake.

"Mayi, ki shirya, gobe zan kai ki ki ga kawu."

Ba ta ko ɗago ba. "Tun kafin damina nake roƙonka, kana ce mini mai ya yi tsada. Me ya lalace a jikin taraktar?"

"Haba Mayi! Mutum ba zai yi zumunci ba sai da dalili?"

"Ni na haife ka, Babuwa," ta ce, da sunan da take kiransa tun yana yaro. "Naka zumuncin ba ya tashi sai da baƙin hayaƙi."

Duk da haka ta shirya. Ɗan'uwanta ya tsufa, ita ma ta tsufa, kuma in an ba ka hawa ba ka tambayar abin da ya kai direba.

Sonmatiya tana da wata ɗabi'a da duk ƙauyen ya sani. Duk ƙarfen da ya shigo gidanta sabo, ko kwaɗon ƙofa ne, ko lauje, ko fanka, sai ta dangwala babban yatsanta a jan garin sindur, wanda matan aure ke sawa a tsagar kai, ta manna masa, ta ɗora masa fure, ta yi 'yan maganganunta a hankali. Kowa yana yi wa mota haka ranar bikin masu ƙarfe, sau ɗaya a shekara, a wuce wurin. Ita ba ta jiran biki. Matan unguwa sun sha tsegumin cewa bai dace matar da mijinta ya mutu ta riƙa taɓa jan gari ba. Da maganar ta kai kunnenta ta ce ai ba a kanta take sawa ba, in ƙarfen ya kawo ƙara su zo su faɗa mata.

Shi ya sa tun a hanya, tana zaune a kan ƙarfen da ke rufe babbar taya, ta riƙe ƙunshinta da hannu biyu, Bindesar ya ɗaga murya sama da ƙarar injin.

"Mayi, wannan karon kada ki taɓa komai. Kin ji ko? Komai!"

"Me ka ce?"

"Na ce kada ki taɓa komai!"

Ta gyara mayafinta ta ci gaba da kallon gonaki. A bakin gada aka ɗaga musu gora ba wata tambaya. Ya sauke ta a gidan kawun, ya sha ruwa a tsaye, ya juya Madanganj.

Garejin makaniki Mistiri Jumman yana bayan kasuwar hatsi, rumfar kwano ce wadda ba za ka ce ana aikin arziki a cikinta ba. Amma duk mai mota a ɓangarenmu ya san hanyarta. Jumman gajere ne mai jan gemu, kullum da sifana a aljihun riga, kuma bai taɓa ganin motar da ya yaba ba.

"Raut, har yanzu wannan gawar ba ku kai ta bakin kogi kun ƙone ba?" ya ce tun kafin a kashe injin.

"Gawar da ta ciyar da kai tun zamanin babana?"

"Babanka direba ne. Kai kuwa azabtar da ita kake yi. Ji yadda take numfashi, ko surukata ba ta kai haka ba."

Ɗaura sabon famfon bai ɗauki lokaci ba, kafin la'asar an gama. Aka tayar, injin ya amsa da wata murya mai santsi da Bindesar ya manta tana da ita. Ya tsaya yana kallon famfon yana walƙiya a tsakiyar tsohon injin kamar haƙorin azurfa a bakin tsoho, daɗi ya kama shi, tsoro ma ya kama shi.

"Yanzu aka fara aiki," in ji Jumman. "Gyara kowa ya iya. Tsufarwa ita ce sana'a."

A nan ne mutumin ya yi suna. Ya kwance sababbin notoci ya mai da na tsohon famfon, waɗanda bakin sifana ya cinye musu kusurwa. Ya kankare tambarin kamfani. Ya shafe jikin da ƙonannen baƙin mai, sannan ya durƙusa ya ɗebo ƙura daga ƙarƙashin wata babbar mota da ta yi shekaru a kan duwatsu, domin a cewarsa ƙurar hanya sabuwa ce, mai ido yana gane ta. Ya yayyafa ruwan gishiri a bakin bututai don su wayi gari da tsatsa. Ya samo wata tsohuwar waya ya ɗaure wani bututun da lafiyarsa ƙalau, ya murɗe bakinta da filaya, wai tsohon abu ba ya rasa ɗauri. Daga ƙarshe ya watsa ɗanyen kashin shanu daga nesa, ya sa aka bar injin yana aiki har abin ya gasu ya kama jiki.

"Tsohon kuma bar shi nan," ya ce, ya tura shi da ƙafa cikin tarin ƙarafa. "Akwai wani wawa daga wajenku da ya tafi da nasa a buhu, wai tsarabar yara. Har yau motarsa tana can tana noman kabewa."

Da safe Bindesar ya ɗauko mahaifiyarsa daga gidan kawun a keken haya, da tsarabar mazarƙwaila da ɗan barkono. Idonta ya yi ja, da alama sun yi kukan rabuwa. Jumman ya zagaya da shi ya nuna masa aikin. Gaskiya ko shi mai taraktar, da ba a gabansa aka yi ba, da ya rantse da wannan famfon aka haife ta.

"To a ci wani abu kafin a kama hanya," in ji Jumman. "Ba a fuskantar kwastam da yunwa, mai jin yunwa ido yake ƙiftawa da yawa. Mataji, bismilla."

Sonmatiya ta ce ita ba ta cin abincin kasuwa. Suka bar ta a kan gadon igiya a inuwar rumfar, suka tsallaka titi suka ci dakakkiyar shinkafa da kindirmo, suka bi da shayi, Jumman yana ba da labarin motocin da ya tsufar da waɗanda suka yi masa butulci. Da suka dawo tana nan inda suka bar ta, ta naɗe hannuwanta cikin mayafi.

Rana ta take lokacin da suka iso gada. Layi ne kamar kullum: masu kekuna da buhunan sukari, mata da galan-galan na man girki a ƙarƙashin zane, wani mai amalanke da shanunsa suna tuƙa. Karna Sahib, babban ma'aikacin da ke bakin aiki a ranar, yana zaune a kujera ƙarƙashin mangwaro yana murza taba a tafin hannu. Mutumin yankinmu ne, a bakin gadoji ya yi furfura, kuma ya daɗe da gane cewa in ya ce zai kama duk mai laifi, ba za a bar kowa a ƙauyuka ba sai jarirai.

"Raut, daga ina da ranar nan?"

"Sahib, tsohuwa na kai ta ga ɗan'uwanta."

"Madalla da ɗa na gari. Ba a sayo mana komai ba?"

"Sai 'yar mazarƙwailar tsaraba, ga ta nan."

"A jikin motar fa?"

"Yadda ta fita haka ta dawo, Sahib."

Karna ya watsa tabar a baki ya karkata kai yana sauraron injin. "Jiya da ta wuce tari take kamar mai fuka. Yau kuwa murya ta washe."

"Iskar gidan kawu ce ta karɓe ta."

Masu kekuna suka yi dariya, Karna ma ya murmusa. Ya san abin da ya sani, amma sani daban, gani daban, kuma ba a biyansa albashi don ya shiga ƙarƙashin tarakta da tsakar rana. Ya ɗaga hannu zai yi wa mai gora alama.

Mai shayin bakin gada yana da wata akuya, baƙa, marar kunya, wadda ta saba cin kwali da ɓawon ayaba da duk abin da ya faɗo daga kayan mutane. Ita ce ta zo ta ɗora ƙafafun gaba a jikin taraktar, ta cusa kai ta gefen injin, ta yi ta ja. Da ta fito da kanta sai ga fure ruwan ɗorawa a bakinta, ɗanye shar, da jan zare yana reto.

"Sahib," wani ɗan sanda ya ce da ƙarfi, yana dariya, "taraktar nan fure take fitarwa!"

Da bai yi magana ba, da wataƙila an bar kaza cikin gashinta. Amma ya yi, kuma duk layin ya ji. Karna ya sauke hannunsa. Ya miƙe a hankali irin na wanda aka tilasta wa aiki, ya zo ya tsuguna ya leƙa inda akuyar ta leƙa. Ya daɗe a haka. Sannan ya yafito Bindesar da yatsa.

Bindesar ya sauko ya duba. A bayan famfon, ta wajen da ke fuskantar injin, inda ido ba ya kaiwa sai an nema, an goge wuri kamar faɗin kwabo. An share baƙin man da ƙurar da kashin shanun tas, har sabon ƙarfen yana ƙyalli, domin ba a ɗora albarka a kan ƙazanta. A tsakiyar wurin ga shatin babban yatsa da jan gari. Ta ji maganarsa, ta ɓoye iyakar ɓoyewarta. Abin da ba ta iya ba shi ne ta bari.

"Mataji," in ji Karna, yana kallon sama inda take zaune, "hannun wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"Sahib, tsufa ne," Bindesar ya yi sauri ya ce. "Komai ta gani shafa masa take yi, ko a gida fama muke da ita."

"To ai ga injin, ga tayoyi, ga sitiyari, duk ta tsallake su. Tsufan nata ya iya zaɓe. Mataji, me ya sa shi kaɗai?"

Sonmatiya ta dubi ɗanta, ta dubi ma'aikacin. Ba ta saba ƙarya ba, kuma ba a wannan shekarun za ta koya ba.

"Sauran ai 'yan gida ne," ta ce.

Layin ya fashe da dariya, har mai amalanke sai da ya riƙe ciki. Karna ya sa ɗan yatsa ya sosa kunne.

"Wannan kunnen nawa ba ya ji sosai," ya ce. Ya juyo ga Bindesar ya rage murya, amma ba ragewar da za ta hana na kusa ji ba. "Ka ga, ɗan Raut, da tun farko ka ce ka sayo, da takarda ce kawai da biya, kowa ya kama gabansa. Na tambaye ka a gaban jama'a ka ce babu. Yanzu in sabo ne, ka ga fili can. Babbanmu ya tafi gida hutu, in ya dawo akwai na gabanka da yawa. Ka zo da bargo ka rufe ta saboda raɓa."

Bindesar ya haɗa hannuwa biyu. "Sahib, alkama. Gonakin mutane suna wuyana."

"Ban gama ba. In kuwa tsoho ne kamar yadda ka ce, to ba a yi wa tsohon ƙarfe maraba. Jan nan datti ne kawai ya ɗiga. Gaba akwai shingen 'yan sanda, ni kuma ba zan saki tsohon famfo da sabon jan gari su ce na makance ba." Ya miƙa hannu ya zaro tsumman da ke rataye a ƙarƙashin sitiyari, wanda ya yi baƙi ƙirin da mai. "Ga shi. Share dattin ka wuce."

Daga baya an yi ta gardama a rumfar mai shayi kan abin da Karna ya nufa. Wasu suka ce tausayi ne, ya buɗe wa talaka ƙofa. Wasu suka ce mugunta ce, ya so ya ga iyakar mutum. Wanda ya san shi dai ya san lokacin abincinsa ya yi, kuma kama tarakta rubutu ne mai yawa.

Dariyar layin ta ɗauke. Duk wanda ke wurin ɗan ƙasar nan ne, ba sai an yi wa kowa bayani ba. A wajenmu jan gari sawa ake yi, ya bushe ya zube da kansa. Sau ɗaya tak ake sa tsumma a goge shi da gangan: daga goshin matar da mijinta ya mutu. Bindesar yana tsaye a bakin ƙofa ranar da gwaggonninsa suka zaunar da mahaifiyarsa a gindin rijiya, suka fasa mata awarwaro, ɗaya ta jiƙa tsumma ta goge mata tsagar kanta. Tun ranar ba ta ƙara sa kaya mai launi ba. Matan da ke layin suka ja mayafi suka rufe baki.

Ya dubi filin waya. Ya tuna gonarsa da ya taka shekaranjiya, ƙasar tana ɗan manne wa ƙafa, danshin da ba zai kai wani makon ba. Ya tuna mai shuɗiyar tarakta. Sama ne kawai bai duba ba, inda take zaune.

Ya karɓi tsumman ya tsuguna.

Abin bai fita da shafa ɗaya ba. Ta kwaɓa garin da ɗan man girki yadda take yi a gida, zafin injin kuma ya sa ya kama. Sai da ya dirza, ya juya tsumman ya sake dirzawa, jan ya cakuɗe da baƙin mai ya zama wani launi marar suna, sannan ya ɓace, ƙyallin ƙarfen ma ya ɓace tare da shi. Ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, amma hannunsa bai tsaya ba.

Karna ya leƙa. "Tsohon famfo ne," ya ce da ƙarfi don ɗan sandan ya ji. "A ɗaga musu."

Taraktar ta yi tafiya mai kyau, wannan kam ba a hana ta. Ba tari, ba hayaƙi, ta haye gangaren gada ko canjin giya bai yi ba. A shingen 'yan sanda ko tsayar da su ba a yi ba. Suka bar kwalta suka kama hanyar ƙasa da ke bin gefen magudanar ruwa, gonaki hagu da dama an yanke shinkafa, sai kututture da balbelu.

Sai a nan ya sami bakin magana.

"Mayi, kin dai ga yadda abin ya zo. Da na ƙi, da yanzu a ƙafa muke tafiya."

Ta ƙura wa hanya ido.

"Muna isa zan saya miki jan gari a shagon Lalbabu, ƙunshi guda. Ki shafe ta daga gaba har baya. In kina so a kira Pandit ya yi addu'a, a fasa kwakwa, a raba alewa, duk ni zan yi."

"Tsaya," ta ce.

"Ai mun kusa, Mayi."

"Na ce tsaya. Kashe ta."

Ya tsaya a gindin wata bishiya ya kashe. Ya zagayo zai riƙe ta, ta ture hannunsa ta sauko da kanta, tana neman wurin taka ƙafa a hankali. Ya yi zaton fushi za ta yi, ta zage shi da sunan ubansa, ta ce a ƙafa za ta ƙarasa. Da ya fi son haka. Amma da ta ɗago ya ga fuskarta, ba fushi a ciki, tsoro ne.

"Ba a yi wa baƙo maraba sau biyu, Babuwa," ta ce. "Na ba shi ja ya karɓa, ka ƙwace daga bakinsa a gaban jama'a. Ko buhu ka saya ba zai ƙara karɓa ba."

"Ƙarfe ne fa, Mayi. Kamfani ne ya ƙera shi."

"Ƙarfen da aka hana ja da kansa yake nema. A jikin mai tuƙa shi kuma yake nema."

"Wane Pandit ne ya gaya miki haka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Kai ne namijin da ya rage mini a gidan."

Ta matsa kusa da injin, zafi yana tasowa daga jikinsa. Ya ɗauka taɓawa za ta yi ta yi 'yan maganganunta, don haka ya tsaya gefe ya bar ta, har ya ji sanyi a ransa cewa abin zai ƙare da sauƙi. Ta lalubo bakin tsohuwar wayar nan da Jumman ya murɗe a jikin bututu. Ta ɗora babban yatsanta a kan tsinin, ta danna, ta ja.

"Mayi!"

Kafin ya kai gare ta jini ya sauko har wuyan hannunta. Ta kai yatsan bayan famfon, daidai inda ya goge, ta manna. Ƙarfen yana da zafin da mutum ba ya iya riƙewa, ta riƙe. Ya kama kafaɗarta zai janye ta, ya ji ta ƙame kamar turmi, bai san tana da sauran wannan ƙarfin ba. Sai da ta ga dama ta ɗauke hannun.

"Ya sha," ta ce. "Yanzu ba ruwansa da kai."

Ta kama gefen farin zanenta da haƙori ta yage ƙyalle, ta naɗe yatsan, ta ɗaure da hannu ɗaya da baki. Jan ya huda ƙyallen nan da nan. Wani mai keke ya zo wucewa ya rage gudu ya tambaya ko mota ce ta lalace, Bindesar ya girgiza kai, mutumin ya wuce.

Ta hau ta zauna a wurinta, ta jawo ƙunshin mazarƙwailar ta ɗora a cinya, ta ɗaga hannun sama kaɗan don jinin ya tsaya.

"Tayar mu tafi," ta ce. "Mutane suna jiranka da gonakinsu."

Bindesar ya hau kujera ya kama makulli. Ya daɗe a haka bai murɗa ba.